Tsofaffin Wayoyi Shida a Tukunyar Wening

Tangerang, ranar Lahadi.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Mbakyu Sarmi, a Kalimantan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mas Parjo da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina taurin kan shiga gonar kwakwar manja da sanyin safiya, don na san halinki tun muna yara a Juwana, ba kya zama sai ciwo ya zaunar da ke. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Ruwa ya shigo mana tsakar gida sau biyu a daminar nan, amma bai kai ɗaki ba. Ɗan'uwanmu Darno ya aurar da autarsa, an taru lafiya an watse lafiya, kowa yana tambayar ki. Sana'ar kifina tana tafiya, kullum tukunya biyu nake ɗorawa, ranar Juma'a uku.

Kada ki yi mamakin rubutun, nawa ne, da hannuna. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin manya a barandar masallacin unguwa, Talata da Alhamis. A da 'yata Wening nake sawa ta rubuta miki, amma wannan karon labarinta ne, idan na ba ta alƙalami za ta zubar da rabinsa ta ce ba wani abu ba ne. A waya kuma kin san yadda muke ƙarewa, ina magana kina cewa ba kya ji, sai layi ya yanke. Shi ya sa na zauna, kullum bayan la'asar in rubuta abin da ya sauƙaƙa, yau kwana tara. Ki sa tabarau ki nemi wurin zama, labarin da tsawo. Amma tun yanzu bari in kwantar miki da hankali: 'yarki ta yi nasara.

Kin san tana aiki a kamfanin yin wayar lantarki da ke bayan unguwarmu, inda rabin maƙwabtanmu suke samun abinci. Abin da ban taɓa iya yi miki bayani ba shi ne irin wayar da aka damƙa mata. Wasu mutanen Koriya masu gina tashar lantarki ta nukiliya ne suke son saye. Ba wayar fitila ko ta fanka ba ce, ita ce mai kai wuta ga injinan da ke tura ruwan sanyaya cikin tashar. Wening ta ce mini, Mak, wayar nan za ta yi shekara arba'in a kwance cikin zafi ba mai tunawa da ita, sai ranar da tsautsayi ya faɗa, bututu ya fashe, tururi ya cika ɗaki. Ranar ce aka fi bukatar ta, kuma ranar ba mai iya shiga ya gyara. Idan ta mutu inji ya tsaya, idan inji ya tsaya gari guda ne zai kwashi yaransa ya gudu. To yaya za a san wayar da aka yi bana za ta iya wannan aiki tana da shekara arba'in? Sai a tsufar da ita da gangan. Ta yanko guda shida, ta naɗe kowace kamar gammo, ta gasa su a tanda makonni, sannan aka kai su garin Serpong aka yi ta haska musu hasken nan na nukiliya da ido ba ya gani. Wata huɗu cur ana wannan aiki. Ni kuwa kullum ta dawo sai na dudduba mata ido da gashi, tana dariya tana cewa waya aka haska, ba ita ba.

Bayan sun tsufa sai a saka su a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a kulle, a sakar musu tururi da ruwan magani mai zafi har kwana talatin, wuta kuma tana bi ta cikinsu. Da ta kwatanta mini sai na ce, Nduk 'yata, ashe duk karatun nan da muka sha wahala a kansa sana'ata kika gada, dafa abu a tukunya mai kulle har ƙashinsa ya yi laushi. Ta ce bambancin ɗaya ne, ni ina so ƙayar kifina ta narke, ita kuwa tana so nata ya fito da ƙashinsa.

A makon da za a saka su a tukunya ne zazzaɓin sauro ya kayar da ni, aka kwantar da ni a asibiti. Mbakyu, a nan laifina yake, kuma sai na faɗa. Jikina bai yi tsananin da zai hana ta fita ba, tsoro ne kawai. Na riƙe mata hannu na ce idan ta tafi ba za ta dawo ta same ni ba. Ta zauna kwana uku. Aikin jera wayoyin sai ya faɗa hannun Pak Kasiran, dattijon da ke kula da ɗakin gwaji, mijin Yu Parti wadda muke aji ɗaya da ita. Shekararsa talatin da ɗaya a kamfanin, mutum ne da ko tsinke ba ya yarda ya gani a ƙasa. Masu saye sun turo shaidarsu, wani mai furfura da ake kira Mista Nam. Ya duba 'yan lambobin ƙarfe da aka rataya wa kowace waya, ya ga sun yi daidai da takarda, aka rufe murfi.

Kwana talatin suka cika, aka buɗe, duk shidan suka ci jarrabawa. Manajansu Pak Gunadi ya sa aka dafa tumpeng, shinkafa mai gangamau an tula ta kamar dutse, ya yanke ƙololuwar ya miƙa wa baƙo, ana ta tafi da ɗaukar hoto. Ana cikin cin abinci Wening ta koma ɗakin gwaji ta ɗauki waya ɗaya tana juyawa. Ta ce mini hannunta ne ya riga idonta sani. Robar ta yi laushi da yawa, ba irin ta abin da ya sha azabar wata huɗu kafin ya shiga tukunya ba. A jikin kowace waya akwai lambar tsawo da inji ke bugawa har ta nutse cikin robar, kuma ta rubuta na shidan a littafinta tun ranar da ta yanke su. Ta goge, ta duba, ko ɗaya bai yi daidai ba. Lambobin da aka rataya nata ne, wayoyin ba nata ba ne. Sababbi fil aka dafa.

Ta je ta sami Pak Gunadi a ofis. Ya rufe ƙofa ya ce, Mbak Wening, daga ganga ɗaya aka yanko su, roba ɗaya, tagulla ɗaya, ki sa hannu kowa ya huta. Ta ce, Pak, ni da kakata ma jini ɗaya ne, amma ba a aza mana buhu ɗaya. Ya tuna mata yawan mutanen da za su sami aiki idan cinikin ya faɗa, ya tuna mata shi ya ɗauke ta lokacin da ake cewa mace ba za ta iya ba. Ta ce ba ta manta ba, amma ba za ta sa sunanta a kan abin da ba a gwada ba. A ranar ta sanar da Mista Nam da bakinta. Ya ce kunyar har da shi, tunda ya kalli lamba bai kalli waya ba. Ya ce zai iya riƙe mutanensa kwana hamsin, bayan nan za su nemi wani kamfani a wata ƙasa. Kin ga kwana hamsin ba za su isa a tsufar da wasu ba, dole sai an samo na ainihin, kuma ba wanda ya san inda suka shiga. Aka tara ma'aikata aka tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Washegari aka ba Wening takarda ta zauna a gida, wai har a gama bincike. Magana ta fara yawo cewa ita ce ta ruɗe a littafinta, take neman wanda za ta shafa wa.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na roƙe ta. Na ce, Nduk, mu su wa? Ubanki ya rasu, ba mu da kowa a garin nan, ki je ki ba shi haƙuri ki sa hannu. Ba ta yi gardama ba, sai ta kama hannuna na hagu ta juya inda tabon ƙunar nan yake, wanda ke kika yi jinyarsa. Ta ce, Mak, zoben robar murfin tukunya da ya fashe ranar nan, sabo ne ko tsoho? Na ce tsoho mana, sabo ai ba ya fashewa. Ta ce to idan wani ya gwada tukunyarki da sabon zobe, ya ba ki takarda cewa za ta riƙe ko bayan shekara goma, me ya gwada? Tun daga nan ban sake ce mata ta sa hannu ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana ɗaci. Tukunya ɗaya ma ba ta ƙarewa. Idan na shiga aji sai in ji ana cewa, a matsa, ga uwar waliyyiya ta iso. Bu Yanti mai shago ta tare ni gaban mutane ta ce, Yu Warsini, ki gaya wa 'yarki gaskiya ba a dafa ta a ci, mazajenmu ne za su zauna a gida. Na wuce abina. Wening kuwa tana zaune a tabarma da littafinta, tana maimaita lambobin nan shida kamar mai lazimi, tana kiran duk mai sayen tsohon ƙarfe da ta sani ko an kai masa. Don in rage mata kaɗaici sai na ce ta ba ni su in riƙa gyara hannuna da su, tunda malamarmu ta ce mu yawaita rubuta lamba. Na cika shafi uku. Allah ne kaɗai Ya san abin da ya sa na yi haka.

A rana ta goma sha biyar cikin hamsin ɗin nan jikan Pak Kasiran ya cika kwana talatin da biyar, za a yi masa aski. Kin san al'adarmu, ko ba kwa ga maciji da mutum ba kya ƙin zuwa taya girki. Na ɗauki wuƙata na tafi tun da hantsi. Ba wadda ta matsa mini wuri a wajen yankan albasa. Yu Parti, don ta raba ni da idon mutane, ta ce in shiga ɗakin ajiya na baya in ɗauko mata babban madambaci, yana can saman katako. Na taka kujera na jawo shi, sai ga buhun shinkafa a bayansa an ɗaure bakinsa da kyau. Ban yi niyyar bincike ba, Allah Ya sani, hannuna ne ya taɓa, na ji abu zagaye mai tauri kamar busasshen rogo. Na kwance. Gammo shida na waya, kowanne an naɗe shi da jarida, sun koɗe sun yi toka-toka, suna warin tsohuwar taya. Na kai ɗaya bakin taga na karkata shi ga haske. Mbakyu, sifili, huɗu, bakwai, biyu, biyar. Lambar da na rubuta fiye da sau ashirin. Na zauna a ƙasa rungume da madambaci.

Zuciyata ta ce in fito da buhun tsakar gida in zazzage shi gaban Bu Yanti da sauran. Wallahi har na miƙe. Sai na jiyo kukan jaririn da muryar Pak Kasiran yana yi wa baƙi maraba, na tuna abin da mahaifiyarmu take faɗa, cewa a kama kifi amma kada a gurɓata ruwa. Na zaro biro daga ɗankwalina, na kwafe lambobin shida a bayan takardar kalanda, na mayar da komai yadda na same shi, na fito na yi ta yankan albasa har la'asar. Ba wanda ya tambayi dalilin hawayena. Da na nuna wa Wening takardar ta karanta sau biyu, ta ɗauki mabuɗin babur. Na tare ƙofa. Na ce ta bar mini wannan, idan ta je da manaja da masu gadi za a sami waya, amma an binne dattijo da ransa, kuma wa zai yarda ba mu muka kai buhun ba? Sai dai ya faɗa da bakinsa. Ta ce idan buhun ya ɓace kafin gobe fa? Na ce mutumin da ya naɗe su da jarida ɗaya bayan ɗaya ba mai zubarwa ba ne.

Da safe na ƙunsa kifi a ganyen ayaba na koma, wai na zo yi wa mai jego sannu. Muka zauna da Yu Parti a baranda, muka yi zancen jariri, zancen tsadar kwakwa, zancen ciwon baya. Na san Pak Kasiran yana bayan labule yana shan kofi. Sai na nuna mata tabon hannuna, na ba ta labarin zoben roba da ɗan ɗaga murya, na ƙara da cewa jiya na ga ɗakin ajiyarsu tsaf, komai an adana, ba abin da aka yar. Labule ya motsa. Ya fito ya zauna a ƙasa, hularsa a hannu. Ya ce, Yu, shekara talatin da ɗaya ban taɓa barin baƙo ya ga ƙazanta a ɗakina ba. Mutum zai taso tun daga Koriya in shimfiɗa masa waɗannan, kamar hanjin akuya da aka shanya, ya koma ya ce irin abin da muke yi ke nan? Ko a gida ai ba a ba baƙo shayi a kofi mai tsaga. Shi ya sa ya yanko masu sheƙi ya mayar musu da lambobin, yana ganin ya fitar da kamfani kunya. Tsofaffin kuma ya ga asara ce a zubar, ya kawo su gida. Sai ranar da aka tara su ya gane abin da ya aikata, kunya ta ɗaure masa harshe, kullum yana cewa gobe zai faɗa. Yu Parti ta dafe ƙirji ta ce, Pak, ashe gobarar da ke cin unguwa a bayan madambacina take kwana? Ni dai na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma har yanzu da sauran kwana.

Shi da ƙafarsa ya je ya faɗa wa Pak Gunadi, aka kira Wening ta koma aiki. Wening ta hana a ɗauki buhun a babur, ta ce tsofaffi ne, in aka jijjiga su za su tsage. Aka jera su a faya-fayen Yu Parti, aka ɗora a bayan a-kori-kura, Pak Kasiran yana zaune yana riƙe, mota tana tafiya kamar ta amarya, masu babur suna ta danna musu hon. Mista Nam ya dawo, wannan karon da gilashin ƙara girman abu, ya bi kowace lamba da yatsa. Ya ce ya yarda su ne. Amma ya gindaya sharaɗi, ya ce zaman buhu da hawa da sauka ba su ƙara musu ƙarfi ba sai dai su rage, saboda haka idan sun ci sun ci, idan sun faɗi ba mai kawo uzuri. Pak Gunadi ya kalli Wening ya ce idan suka faɗi, ta sani ita ce ta mayar da takardar nasara ta faɗuwa, kada ta jira a ce mata ta tafi. Ta ce ta ji. Ita ta jera su da hannunta, aka rufe murfi a rana ta goma sha takwas cikin hamsin ɗin.

Kwana talatin ɗin nan, Mbakyu, na rame har zobena yana zamewa. A jikin bango akwai ƙwan lantarki shida, kowace waya da nata, muddin yana ci tana raye. Kullum ta dawo da yamma, kafin ta cire takalmi nake ɗaga mata gira, ita kuma ta ɗaga mini yatsu shida. Ranar farko ce mafi tsanani, ta ce cikin ƙiftawar ido zafin ya kusa ninka na tafasasshen ruwa, tukunyar tana ruri har ƙasa tana rawa. A rana ta goma sha ɗaya da rufe murfi ta shigo ba ta ɗaga hannu ba. Ta ce ta huɗu ta fara nuna gajiya, allurar awonta tana sauka. Na kama azumin Litinin da Alhamis. Kwana uku allura tana sauka, a na huɗu ta tsaya, ba ta kai jan layi ba, ta dake a nan kamar tsohuwar da ta sami bango ta jingina. Pak Kasiran kuwa ya daina zuwa gida cin abincin rana, a gaban ƙwayayen nan yake zama da carbinsa, har abokan aiki suna tsokanarsa wai a gaya wa Yu Parti mijinta ya tare a wajen wasu tsofaffi shida.

Ranar buɗewa Mista Nam ya ce a kira masa matar da ta karanta lambar. Na sa rigar da na ɗinka don bikin gidan Darno, aka kifa mini hular kwano da ta fi kaina. Da aka ɗaga murfi wari ya bugo, na leƙa. Sun yi baƙi, sun kumbura, fatarsu ta yi ɓawo-ɓawo, da kifina ne ya fito haka sai dai a ba kyanwa. Na ce shi ke nan. Wening ta raɗa mini cewa ba kyau ake nema ba, kuma da saura. Aka miƙar da kowace a hankali aka sake naɗe ta a gangar ƙarfe, ina jin robar tana ƙas-ƙas kamar gwiwarki idan za ki tashi daga sallah. Aka nutsar da su a tankin ruwa awa guda. Sannan aka ce kowa ya koma bayan layi, za a sakar wa kowace wutar da ta ninka ta aikinta sau da yawa, har minti biyar. Idan akwai tsaga ko da kamar silin gashi ce, wutar za ta tsallaka cikin ruwa, inji ya yi ƙara ya mutu.

Ta ɗaya ta wuce, ta biyu, ta uku. Aka zo ta huɗu. Akwai agogo mai jajayen lambobi, na kafa masa ido, ina karantawa ina salati. A da da na rufe ido kawai na jira a gaya mini, yanzu kuwa ina ganin kowace daƙiƙa tana wucewa. Pak Gunadi yana ta goge wuya da hankici. Wening tana tsaye ƙyam, ni kaɗai na ga tana murza bakin mayafinta kamar yadda take yi tana ƙarama idan za a yi mata allura. Minti huɗu, huɗu da rabi. Biyar ta cika, inji bai yi ƙara ba. Ta biyar da ta shida ban ma san lokacin da suka wuce ba. Mista Nam ya cire tabarau, ya juyo ya rusuna wa Wening irin tasu, sosai, ya daɗe bai ɗago ba. Pak Kasiran ya faɗi ya yi sujada a kan jiƙaƙƙen siminti. Ni kuwa kabbara ce ta kuɓuce mini da ƙarfi, hular kwano ta faɗi ta gangara har gaban manaja.

A gabana Wening ta sa hannu, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Sunan nan da aka raɗa mata a ɗakinki na Juwana, shi ne a kan takardar da za ta ƙetare teku. Aka sake dafa tumpeng. Wannan karon da Pak Gunadi ya yanke ƙololuwar, ya wuce baƙo, ya wuce manyan ofis, ya tsaya gaban 'yarki ya miƙa mata da hannu biyu. Kin san manyanmu, bakinsu ba ya iya furta na yi kuskure. Abin da ya ce kawai shi ne, Mbak Wening, na farkon bai dahu ba. Kowa ya gane, aka yi dariya aka yi tafi. Ita kuma ta raba biyu, ta ba ni rabi, ta kai wa Pak Kasiran rabi. Ta ce laifin har da nata, don ba ta taɓa zaunar da shi ta gaya masa dalilin tsufar da waya ba, shi da duk rayuwarsa sabuwa ake kawo masa ya gwada. Ba a kore shi ba. Yanzu an yi wa wayoyin gwaji keji mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta, ɗaya a hannunsa, an rubuta a ƙofar da jan fenti cewa kada a gyara, kada a goge, muninsu shi ne aikinsu. Ni na karanta da kaina, ba wanda ya taya ni.

Unguwa kuwa ta juya kamar ba ita ba. Bu Yanti ta zo da ƙafarta ta ce in ajiye mata kifi, wai ita dama tun farko ta san yarinyar nan ba ta ƙarya. Na ce haka ne, Bu, ai na ji kin faɗa gaban mutane. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, na ƙara mata yaji kyauta. Abin da ya rage mini yanzu, sun ce za su tura Wening Koriya wata uku ta ga inda za a shimfiɗa wayar tata. An ce ƙanƙara tana zuba a can, ita kuwa ko fanka ce ta daɗe a kanta sai mura, kuma har cikin tashar za ta shiga. Na buɗe baki zan ce kada ta je, sai na tuna kwana ukun asibiti, na mayar da bakina na rufe. Ki taya ni da addu'a, ki kuma roƙa mini Allah Ya riƙe mini harshe har ta hau jirgi.

Ki gaishe mini da Mas Parjo da kyau, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ki gaishe da Sugeng da matarsa Marni, da Tarmi da mijinta, da jikokina Bagas da Laras, ki ce musu kakarsu ta Tangerang tana jiran wasiƙarsu, yanzu ba ta bukatar mai karanta mata. Wening tana gaishe ki, ba ta san abin da na rubuta ba, idan kun yi waya kada ki nuna mata na faɗi zancen murza mayafi. Yu Parti ma ta ce a gaishe ki.

A cikin ƙunshin da na haɗo da takardar nan akwai busasshen kifi da zane ɗaya, da sababbin zobban roba guda biyu. Na tuna tukunyar da na bar miki tun zuwana na ƙarshe, shekara bakwai ke nan, kuma na san ki, ba ki taɓa canza mata zobe ba, kina cewa ai har yanzu yana riƙewa. Ki cire shi yau, kada ki jira gobe. Wening ta san iyakar abin da wayoyinta za su ɗauka don ta gwada su, ke kuwa ba ki gwada naki ba.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai kewar ki kullum,
Warsini